Barau Mai Kula da Inji

Barau mutumin Waca ne, amma ƙuruciyarsa a Magarya ta ƙare, a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa, 'yan shekaru kafin mulkin kai. Da dako ya fara. Modu, wani dattijo Babarbare mai gyaran kamiyo, wato manyan motocin kaya, shi ya ja shi jiki ya koya masa kula da injin wutar gidan, wanda ke juya famfon rijiya.

Modu bai cika magana ba, sai a kan abu guda. Ya ce kada a kusanto da inji bakin rijiya, don hayaƙinsa na sauka ciki ya kwanta, ya taɓa ganin an fito da mai yasar rijiya ba rai. A bar inji ya daidaita murya kafin a ba famfo wuta, kuma kada jiƙaƙƙen hannu ya taɓa waya. Barau ya riƙe wannan har ya zame masa jiki.

Kullum da hantsi, in ruwa ya fara zubowa, hankalinsa Waca yake tafiya. Can ya bar matarsa Daso tana jinyar tsohuwarsa. Rijiyar unguwarsu zurfi gare ta, igiyar guga ta cinye tafin hannun Daso har ya yi kanta. Yakan tsaya yana kallon ruwa na malala a gindin lemun Bature, ya rasa abin da ke masa daɗi.

Sau ɗaya Daso ta zo Magarya, ranar kasuwa. Ya kai ta bayan gida, ya tada inji, ya jira, sannan ya ba famfo wuta. Da ruwa ya ɓullo sai ta ja da baya. Can ta matso ta tara hannu biyu, ta daɗe a haka tana murmushi.

"Malam, shi ba ya gajiya?"

Ya ce mata wata rana zai kawo irinsa Waca. Ba faɗa kawai ya yi ba, don Baturen ya taɓa cewa zai bar masa tsohon injin in an kawo sabo. Barau har ya zaɓi inda zai girke shi, nesa da rijiya, inda iska za ta kwashe hayaƙin.

Sabon bai zo ba. Da Baturen ya tashi tafiya, aka ɗora injin a kamiyo aka nufi Damagaram, Barau na cikin masu ɗaure shi da igiya.

Ya koma Waca ya kama noman gero da gyaɗa. Da ya sayar da gyaɗar damina ta biyu ya sayi takarkari, shi ke kora shi ana jan ruwa, Daso na juyewa a tuluna. Ba ta taɓa tada masa zancen ba. Shi ne dai, in wani ya dawo daga Damagaram, yakan bi shi har gida ya tambaye shi ko ya ji inda aka kai injin.