Ranar da Tsohon Karenmu Ya Sha Baƙin Cakulan

A gidanmu ba a zubar da abinci. Abin da bakin mutum ya ƙi, kaskon kare ya nufa, haka muka tashi muka tarar a ƙauyenmu na bakin ruwa, ta wajen Ngaski. Karen kuwa tsoho ne tukuf. Tare muka girma, shi ke raka ni makaranta, shi ke korar birai a gonar Baba. A shekarar da nake ba ku labari haƙoransa sun zube, ido ɗaya ya yi fari, ba ya komai sai kwanciya a gindin mangwaro. Amma ka kuskura ka jefe shi, ranar za ka san ina da baki.

Yayata mai yin kek ɗin biki a Legas ta zo Kirsimeti da wani baƙin cakulan da take aiki da shi. Zafin mota ya narkar da shi, ya cure a leda. Muna coci ni da ita, Inna ta gan shi, ta lakata ta ɗanɗana, ta ji ɗaci kamar maɗaci, ta ce ya lalace. Sai ta juye shi duka a kasko, har tana murna tsoho ya samu abu mai laushi da ba sai ya tauna ba. Ya lashe tas.

Da la'asar na ji ana ture kwanuka a tsakar gida. Karen da ko tashi sai ya yi shawara, shi ne yake zagaye gida kamar ana bin sa, yana haki, yana amai, miyau na dalala, ƙafafunsa na rawa. Na kira shi, ya kalle ni bai gane ni ba.

Kafin in ankara maƙwabta sun cika ƙofa, maza uku da gora a hannu. Dattijon da ke gabansu ya ce, "Ɗiyata, kauce. Haukan kare ne, kuma akwai yara a unguwa."

Ban san lokacin da na faɗa kan karen na rungume shi ba. Na ce wa dattijon, "Baba, wallahi sai dai ku haɗa da ni! Ku da ya tsare wa akuyoyi shekara da shekaru, yau ku ne da gora?" Baki kawai nake yi. Miyansa na zuba a hannuna, ina da yankan wuƙa a yatsa, zuciyata na ce mini in gaskiyarsu ce fa? Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, tsoronsu da tsoron abin da na rungume.

Inna ta rugo da kwalbar manja, don a wajenmu duk dabbar da ta ci guba manja ake ɗura mata. Tana ƙoƙarin buɗe bakinsa sai ga Yaya ta fito da leda wayam a hannu.

"Inna, ina cakulan ɗina?"

"Lalataccen abin nan? Shi na ba."

Yaya ta dafe kai. Nan take ta kira wani likitan dabbobi a Yelwa, ta buɗe murya kowa na ji. Ya ce ba hauka ba ne. Cakulan guba ne ga kare, baƙin ya fi muni, kuma zuciyar tsohon kare ba za ta jure ba. A bar manja, a kawo shi yanzu-yanzu. Masu gora suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Inna ta zauna daɓas a ƙasa tana cewa, "Ni? Ni na ba shi da hannuna?"

Kawuna masunci ya tada injin jirginsa, na naɗe tsoho a zanina muka shiga. Na ɗora tafina a ƙirjinsa, zuciyar na bugawa fat-fat-fat, ta tsallake, ta sake kamawa. Ina ta yi wa Kawu masifa ya ƙara wuta, shi kuwa bawan Allah ya murɗa har ƙarshe, ruwa na watso mana. Ina yi wa karen surutu, ina ce masa saura kaɗan, ga Yelwa can, alhali ko alamarta babu. Sau ɗaya ya miƙe ƙafafu ya sandare, na kwarma ihu, ya sake saki. Ya lashi hannuna, na ce to, ya gane ni, zai tashi.

Muna tsakiyar ruwa na ji ƙirjin ya yi shiru. Na danna, na jijjiga shi, na kara kunnena. Kawu ya dube ni ya kashe inji, jirgi ya tsaya yana lilo.

"Mu ƙarasa ko mu juya?" in ji shi a hankali.

Na waiwaya. Daga nesa ana hango Inna, ta biyo mu har bakin ruwa, ta shiga har gwiwa tana tsaye. Tana ganin jirgi ya tsaya ta ɗora hannu biyu a ka.

Na ce, "Kawu, don Allah kar ka juya tukuna."