Mama Debora, Wadda Ta Koya Mini Ɗaga Mijina

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, wajen ƙarfe huɗu na yamma, Allah ya kira Mama Debora Ishaku gida. Ta rasu a ɗakinta a unguwar Magajiya, nan Suleja, tana da shekara sittin da tara, bayan jinyar wata huɗu. Ɗanta Timoti ne ya leƙo ta katangar da ta raba gidajenmu ya faɗa mini. A lokacin ina ɗauke da jarkar ruwa a kowane hannu, kuma ban ajiye su ba sai da na kai ƙarshen tsakar gida, domin ke kika hana ni sakin kaya a tsakiyar tafiya, Mama. Da na ajiye, sai na zauna a ƙasa na yi kuka.

Wasu za su ba da labarin shekarun da kika yi kina kula da marasa lafiya a asibiti, wasu kuma na hidimarki a Zumuntar Mata. Ni abu ɗaya zan faɗa. Saboda ke ne mijina yake kwance a ɗakinsa yau, ba a wani ƙauye mai nisan tafiyar awa biyar ba.

Sunana Rifkatu. Shekara ashirin da biyu na yi ina buga takardu a wani ofis a Abuja, kullum a zaune, a mota ma a zaune. Abu mafi nauyi da nake ɗauka shi ne jakata. Mijina Bitrus kuwa makaniken manyan motoci ne a Gauraka, ƙato ne, irin wanda ke rungumar tayar tirela shi kaɗai. A watan Yunin bara hawan jini ya kayar da shi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma ta koma da ƙyar. 'Yarmu ɗaya, Nasara, tana karatu a Minna. Na ajiye aiki na zauna da shi.

A watan Agusta, wata safiya, ina ƙoƙarin sauko da shi daga gado zuwa keken guragu, ya sulluɓe mini. Muka zube tare, goshinsa ya bugi bakin gado ya tsage. Na ja, na ja, ko motsi bai yi ba. Ihuna ne ya kawo ki. Ke da ba ki kai kafaɗata ba, kika dube shi, kika ce in miƙo turmi in kife. Kika ɗora shi a kan turmin, kika huta, daga nan kika maida shi kujera, kina yi kina masa tsiya wai ya rage cin tuwo. Ni kuwa ina tsaye, kunya ta ishe ni.

Labari ya kai gida. Bayan mako guda wansa, Yaya Kefas, ya zo daga ƙauyensu a kudancin Kaduna. A wurinmu, idan namiji ya kwanta irin wannan kwanciya, 'yan'uwansa ke da ikon ɗauke shi zuwa gidan ubansa. Yaya Kefas ba mugu ba ne, kuma bai ɗaga murya ba. Ya dubi ɗinkin da ke goshin ƙanensa, ya ce a gida akwai maza da za su riƙa ɗaga shi, don haka bayan Kirsimeti za su zo da mota. Na ce a ƙauye babu asibitin da ake masa gashin ƙashi. Ya ce gashi ba zai amfani wanda ya fasa kai ba. Bitrus ya juya fuska bango, kuma ni na san idan aka tafi da shi ba zai dawo ba.

Ashe kina ji ta katanga. Washegari kika shigo da bokiti babu komai a ciki, kika same ni idanu a kumbure.

"Maman Nasara, kuka ba zai ɗaga shi ba," kika ce. "Wata huɗu gare mu. Tashi."

Gaskiya na raina abin. A ganina motsa jiki na matan manya ne, masu sa farin takalmi ranar Asabar su zagaya titunan Abuja don su rage tumbi. Na ce ki koya mini dabarar kawai. Kika ce dabara akwai, amma sai an sami ƙafafun da za ta tsaya a kai. Kika jawo kujera, kika ce in zauna in tashi sau goma ba tare da na dafa komai ba. Shida na yi, a na bakwai na kama cinya. Ba ki yi dariya ba, kika ce to daga shida za mu fara.

Haka muka fara, Litinin da Laraba da Juma'a, da hantsi bayan an yi wa Bitrus wanka. In zauna in tashi. In dafa bango in tura jikina baya. In ɗauki bokiti in kai ƙarshen tsakar gida in dawo, kowane zama ki ƙara masa ruwa gwangwani biyu, ba fiye ba. Daga baya kika kawo buhu kika zuba masara mudu biyar, kika ce in rungume shi a ƙirji, in miƙe gadon baya, in tura ƙugu baya, in tashi da cinyoyi. In na riƙe numfashi sai in ji carbin makullanki a kafaɗa. Duk tsawon lokacin kin hana ni ɗaga mijina. Ke kike zuwa safe da yamma, ni aikina in riƙe keke kada ya zame.

Wata rana matan zumunta suka zo gaishe da maras lafiya, suka tarar ina ta tura bango. Ɗaya ta tambaya ko bangon ya yi mini laifi ne, aka fashe da dariya. Kika ce mata ta zo ta yi biyar, in ta iya ta ci gaba da dariyar. Babu wadda ta taso, sai aka koma zancen tsadar tumatir.

A mako na uku na yi wautar da har yau nake jin haushinta. Na ga gwangwani biyu ba zai kai ni Kirsimeti ba, sai na riƙa yi kullum a ɓoye, na kuma cika bokitin har baki. Bayana ya riƙe. Kwana uku ina bin bango kafin in kai bayi. Kika shigo, ko gaisuwata ba ki amsa ba. Kika ce na ci mana mako guda a banza, kuma a ranar hutu jiki yake ginuwa, wanda bai san haka ba bai fara ba. Ciwo na cina, tsoro na cina, sai na ce miki ai ba mijinki za a ɗauke ba.

Nan take na fara neman hanyar janye maganar. Sai kika zauna a bakin gadona kika faɗa mini abin da ban taɓa sani ba a shekara goma sha ɗaya na maƙwabtaka. Mijinki, marigayi Ishaku, shi ma haka ya kwanta, kina da shekara talatin da huɗu, da yara biyu ƙanana. Ba ki iya juya shi ba, danginsa suka tafi da shi. Bayan mako shida wani direban da ke ɗauko doya ya tsaya a ƙofar gida ya ce miki an binne shi shekaranjiya. Abin da ya kai ki aikin asibiti ke nan. Da kika gama, kika tashi kika dafa mini wake da ƙwai, kika tsaya a kaina sai da na cinye. Ban roƙe ki gafara da baki ba ranar, Mama, girman kai ya hana ni. Ina roƙo yanzu a gaban jama'a.

Daga nan ban sake ƙetare maganarki ba. Bokiti ya koma jarka, jarka ta zama biyu, masara ta kai mudu ashirin. Kujerar da nake zama in tashi a kanta ta koma turmi. Zanen da nake ɗaurawa ya fara zama daban a jikina, na daina haki a kan hanyar kasuwa.

A watan Nuwamba ciwon ciki ya fara cin ki. Kika rame, kika daina iya ɗaga Bitrus, amma ba ki fasa zuwa ba. Kina zaune a inuwa kina ƙirga mini. Ranar ashirin ga watan kika ce yau ni zan yi. Na zaunar da shi a bakin gado, na haɗa gwiwoyina da nasa, na zagaye ƙugunsa da hannu, na ƙirga uku. Ya taso. Na juya da shi a hankali na sauke shi a keke. Ya dube ni, ya yi dariya da rabin bakinsa, dariyar farko tun watan Yuni. Ke kuwa cewa kika yi na buɗe ƙafa da yawa, in gyara gobe.

Kwana biyu bayan Kirsimeti Yaya Kefas ya zo da mota da maza biyu. Na ɗaga Bitrus a gabansu daga gado zuwa keke, na maida shi. Yaya Kefas ya jinjina kai, sannan ya yi tambayar da nake tsoro: idan ya faɗi ƙasa fa, kamar wancan karon? Wannan kam ban iya ba, kuma ban yi ƙarya ba. Sai ga ki a bakin ƙofa kina dogara sanda, ba mu ma san kin fito ba.

"Ɗana, a watan Agusta kujera ma gagararta take yi," kika ce masa. "Ka ba ta zuwa Ista. In ba ta iya ba, ni da kaina zan haɗa masa kaya."

Ya ji nauyin furfurarki, ya yarda. Mota ta koma da su uku.

Sauran darasin daga kan gadonki kika ba ni. Ba a ɗaga mutum daga ƙasa lokaci guda. A fara zaunar da shi, a kai shi kan turmi, a huta, sannan kujera, kuma a bar ƙafarsa mai lafiya ta yi nata aikin. Bitrus da kansa yake nuna tabarma idan ranar ta zo, in sauke shi a hankali mu gwada. Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin ki tafi, na zo na ce miki mun kai turmi. Kika matse mini yatsu, kika ce kada in yi gaggawa.

Ranar jana'izarki ni na sa shi a Keke Napep, ni na sauke shi a ƙofar coci. Fitarsa ta farko ke nan da ba asibiti za shi ba. Yaya Kefas ya zo ta'aziyya, Allah ya saka masa. Bayan an tashi ya ja ni gefe, ya ce, "Matarmu, yanzu da tsohuwa ba ta nan, kada ki wahalar da kanki." Na ce, "Yaya, Ista kuka ce. Ku zo ranar Ista."

Ba zan yi miki ƙarya ba, Mama, har yau ban kai shi kujera daga turmi ba. Shekaranjiya mun taso rabi, cinyata ta ƙi, na maida shi a hankali, babu wanda ya faɗi. Jiya na huta kamar yadda kika koya mini, duk da zuciyata ba ta so ba. Kin tafi saura kwana arba'in a yi Ista, yau saura ashirin da tara. Ina jin tsoro, amma tsoron bai hana ni fita tsakar gida ba ko sau ɗaya.

Ubangiji Allah ya ji ƙanki, Mama Debora. Ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutawa ta har abada a wurinsa, ya saka miki da alheri saboda kowane maras lafiya da ya bi ta hannunki. Ga Timoti da 'yar'uwarsa Stella, da jikoki, da dukan dangi da Zumuntar Mata, ina miƙa ta'aziyyata da ta maigidana, wanda bakinsa bai iya faɗa ba amma hawayensa sun faɗa. Allah ya ta'azantar da ku, ya ba mu haƙurin wannan rashi baki ɗaya, amin.

Ni kuma ku sa ni a addu'a. Ranar Ista mota za ta zo daga gida, kuma da yardar Allah ba da mijina za ta koma ba.

Rifkatu Bitrus, Suleja