Tuwo Mai Yatsu Uku

Jama'a, yau hoton tuwo ya sa tsohuwa kuka a gabana!

Kun san halina, duk inda fataucin kayan moto, wato babur, ya kai ni sai na ɗauki hoton abincin wurin da portabul, wayata ta hannu, in gaya muku ko ya ci kuɗinsa. Da rana na ci tuwon masara a wata rumfa a unguwar Pissy. Miyar kuka ce, ta yi daɗi. Amma kowace malmala an danna mata yatsu uku a ka. Ban taɓa ganin haka ba!

Na dawo Zongo ina nuna wa mutane hoton. Hajiya Mairo, mai gidan da nake haya, ta leƙo. Sai ta riƙe mini hannu.

"Malam Sani, wa ya kwashe tuwon nan?"

"Wata Bamosa ce, 'yar ƙabilar garin nan, mai wurin, Hajiya."

"Ba ita ba ce. Haka uwarmu ke yi a Madawa. Ni da ƙanwata Rabi kaɗai ta koya wa, kuma shekara ashirin ban ji ɗuriyar Rabi ba. Tada moto!"

Muka tafi. Mai rumfar ta ce ita miya take yi, mai tuƙin tana baya. Ta ƙwala kira.

Wata mata ta fito da muciya a hannu. Muciyar ta faɗi!

Hajiya ta ce, "Ke Rabi! Ina kika shiga?"

"Yaya, ce mini aka yi kina Kumasi! Shekara tara ina garin nan."

Suka rungume juna suna kuka, tuwo yana ƙonewa a kan wuta.