Tsohuwar Motata a Halaba

Na haura shekara talatin da biyar kafin na riƙe sitiyari. Yayana ne ya koya mini, a wani fili da ke Kudai, nan Makka, inda ake ajiye manyan motocin alhazai, lokacin da aka gama aikin Hajji wurin ya zama wayam. Shi bakanike ne, yana da warsha, wato gareji, a Rusaifa, kuma tun rasuwar Baba shi ne uba a gidanmu. Ni kuwa a ɗakin gwajin jini nake aiki, a wani ƙaramin asibiti a Zahir, unguwar da aka haife mu duka. Bayan na samu lasisi, tuƙina bai wuce daga gida zuwa aiki ba, sai kai Umma Harami, kullum cikin cunkoso, ƙafa a kan birki.

Wata abokiyar aikina ce ta nuna mini bidiyon ƙaninta a waya. Yana cikin mota da hular kwano, yana zagaya wata kwalta mai kwana-kwana a bayan garin Jidda. Ta ce halaba ake kiran wurin, kuma abin da yake yi ba tsere ba ne. Akwai ranakun da ake buɗe ta ga kowa, mutum ya zo da motarsa ya yi gudun da zuciyarsa ta ɗauka, ba mai tsallaka titi, ba mai tahowa daga gaba. Sau uku na kalli bidiyon, sannan na tambaye ta ko mata na zuwa. Ta ce akwai, amma ba su da yawa.

Da na faɗa wa Yaya, na zaci faɗa zai yi. Sai kawai ya dubi motata, wata doguwa mai nauyi da na saya don Umma ta riƙa miƙe ƙafa, ya ce wannan ko kwana ɗaya ba za ta sha da gudu ba sai ta nemi kifewa. Idan da gaske nake, sai an nemo wata.

Asabar uku muka yi muna zuwa kasuwar tsofaffin motoci. A ta biyu wani dillali ya nuna mana wata ja, 'yar Amurka, mai ƙaton inji. Da ya tayar da ita sai da na ji ƙarar a ƙirjina, kuma ba zan ɓoye ba, na so ta. Yaya ya buɗe mini ƙofa kawai. Na zauna, na matso da kujera har ƙarshe, amma ƙafata ta kasa kai kuloci ƙasa, hancin motar ma ban ga inda ya tsaya ba. Dillalin ya ce matashi ɗaya zai gyara wannan. Na fito na yi masa godiya.

A Asabar ta uku na hango wata ƙarama 'yar Japan, mai ƙofa biyu da giyar hannu, rana ta cinye fentin rufinta. Ba wanda ya tsaya a kanta. Na ja ta zuwa ƙarshen layi na dawo, na ji duk abin da taya ta taka yana zuwa tafin hannuna, ina juya sitiyari tana amsawa nan take. Yaya ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashinta, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya ce ba ta taɓa yin hatsari ba, amma ba ta da ƙarfi, kowa zai wuce ni. Na ce masa ba wuce mutane zan je yi ba, koyo zan je yi. Ita muka taho da ita. Sati biyu ta yi a warsha, aka sauya mata taya huɗu da takalman birki, aka zuba sabon man birki mai jure zafi.

Saura wurin wa zan je. Masu shirya irin wannan rana ƙungiya biyu na samu, na kira su duka da kaina. Mai ta farko mutum ne mai daɗin baki. Ya ce in zo da kowace irin mota, ba wani bincike, kowa da kowa tare ake shiga, har bidiyo za a ɗaukar mini. Na tambaye shi ko ana ware sababbi daga gwanaye, ko akwai motar asibiti a wurin. Ya yi dariya ya ce in dogara ga Allah. Ni da nake ganin jinin mutane kowace safiya, amsar ba ta kwanta mini ba.

Mai ta biyu dattijo ne mai furfura, wanda ya daɗe yana koyar da tuƙi. A waya ma kamar ba ya son in zo. Ya tambayi shekarun da na yi ina tuƙi da shekarun tayoyina, ya ce sababbi rukuninsu daban, kowanne da malami a gefensa, kuma ba a wuce mota sai direbanta ya miƙa hannu ya ba da izini. Na tambaye shi maganar sutura, ina ɗari-ɗari. Ya ce in sa doguwar riga da wando masu kama jiki daidai, da siririn ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano, kada a bar wani ƙyalle yana lilo kusa da giya. Sannan ya ce sai ya ga motar mako guda kafin ranar.

Muka kai ta ni da Yaya. Dattijon ya zagaya ta yana taɓa nan yana taɓa can, ya buɗe gaban, ya kama batir ya jijjiga. Batirin ya motsa. Ya ce motar ba ta ci jarrabawa ba. Na ga fuskar Yaya ta sauya, mutumin da ya fi shekara ashirin yana gyaran mota, ga shi an kama shi a gaban ƙanwarsa. A hanyar dawowa, da muka kusa shiga Makka, Yaya ya dube ni.

"Auta, wurin wannan mutumin za ki je," ya ce. "Ni na ga ƙarfen da ke riƙe batirin nan ya saki, na ce ba komai. Shi bai ce ba komai ba."

Dama na riga na yanke haka a raina tun lokacin da batirin ya motsa.

Ranar muka fita bayan sallar asuba. Mu tara ne a rukunin sababbi, mata biyu. Malamin da aka haɗa ni da shi ba mai yawan magana ba ne. Zagayen farko ina taka birki tun kwana na nesa, hannuna ya gaji da miƙawa a wuce ni. Akwai wata kwana mai kaifi zuwa hagu da nake shiga da wuri, in fito a takure ina neman barin kwalta. Malamin ya ce matsalata ina kallon hancin motar ne. In jinkirta, in ɗaga ido in kalli mafitar kwanar, hannu zai bi ido da kansa.

Sai bayan azahar na same ta. Na jira har na ji kamar na makara, na taka birki sau ɗaya da ƙarfi, na sauko giya, na juya ina kallon can gaba. Motar ta kwanta ta bi layin kamar an zana mata, na fito ƙafata a kan totur. Na sake yi a zagaye na gaba, na kuma sake. Da muka shigo wurin tsayawa malamin ya kwance bel ɗinsa ya fita, ya leƙo ta taga.

"Sauran zagayen naki ne ke kaɗai," ya ce.

Zagaye shida na yi ni kaɗai a cikin motar. Har aka tashi ban wuce kowa ba, kuma ban taɓa jin na isa kamar wannan la'asar ɗin ba. Dattijon ya sa hannu a takardata, ya rubuta cewa in na dawo zan iya shiga rukuni na gaba.

Ni na ja mu zuwa gida, a hankali, tayoyin suna warin roba. Yaya ya yi ta lissafa abubuwan da zai duba gobe a warsha, kafin mu kai rabin hanya ya jingina kai da gilashi barci ya kwashe shi. Da muka isa Zahir Umma na zaune a falo tana jiranmu. Ta karɓi hular kwanon ta jujjuya ta, ta ce ta yi nauyi, sannan ta ce in wanke hannu abinci na hucewa.