Kuruwar da Kawu Tankari Ya Ƙi Sauyawa

Duk wanda ya zauna unguwarmu a Dogon Dutsi ya san ba mu da buƙatar zakara. Da an sallame sallar asuba, Kawu Tankari zai dawo daga masallaci da carbinsa a hannu, ya yaye tsohon bargon da yake lulluɓe jar motarsa, ya shiga ya murza makulli. Wayyo kunnuwanmu! Awaki su firgice, jarirai su ɗauki kuka, Inna Rabi matarsa ta fito tana salati da ludayi a hannu. Shi kuwa ya karkata kai yana saurare, yana murmushi kamar an kawo masa albishir. In ya ƙoshi da ƙarar sai ya kashe, ya mayar da bargo, ya ɗauki sandarsa ya nufi kasuwa da ƙafa. Da ƙafa fa, jama'a!

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, kuma sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata. Shi ya sa kuma ni kaɗai nake iya yi masa faɗa. Na kuwa yi, har na gaji.

Kawu ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar mota tsakanin Kwatano da nan. Da ya ajiye aiki, kowa ya zaci zai sayo motar haya, ko wadda za ta ɗauko mana gero daga gona. Sai ga shi da wata ja mai ƙofa biyu, irin ta tsere, cikinta saura kaɗan ya taɓa ƙasa. Unguwarmu kuwa rairayi ne zalla. Daga ƙofar gida zuwa kwalta sai an taru an tura ta, in kuma ta hau kwalta sai ya riƙa lallaɓa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Ina ciki ranar da amalanken jaki ya wuce mu, mai jakin ya leƙo ya ce, "Sannu Alhaji, lalacewa tay yi?"

Na ce, "Kawu, don Allah ka taka ta mana, kunya nake ji."

Ya ce, "Uwata, na san abin da ke cikinta, ita ma ta sani. Mi za mu gwada ma jaki?"

Mutum ɗaya ne ya samu alkawarin ganin gudunta, shi ne Buba, wani Bafillace makiyayi daga wajen Dogon Kiriya. Kun san wasan da ke tsakaninmu Arawa da Fulani, to na Kawu da Buba ya wuce na kowa. Duk ranar kasuwa, in Buba ya gama da shanunsa, sai ya biyo gidanmu, tun daga zaure yana kira.

"Kai Ba'are! Har yanzu akurkin kajin nan naka bai tashi ba?"

"Bawana, wagga mota in na buɗe mata wuta, kahin ka ce nagge muna Doso."

"To buɗe mu gani."

Wata rana Kawu ya kama hannunsa, ya sa ni shaida. Ya ce, "Rad da za ni buɗe ta, kai na gaba. Ba gwamna ba, ba Rabi ba, kai." Daga ranar kujerar gaba ta haramta ga kowa. Inna Rabi ma in za a kai ta biki sai ta lanƙwashe ta shiga baya tana mita. Buba kuwa duk tsiyar da yake yi, abin ya zauna masa a rai. Bai taɓa hawa abin da ya wuce motar kasuwa ba, kuma duk rugarsu ya ba su labarin cewa akwai ranar da zai tashi sama a kan kwalta. Kowane zuwa sai ya tambaya, "Yau na?" Kawu ya ce a bari a yi girbi. An yi girbi, ya ce a bari zafi ya sauka. Zafi ya sauka, ya ce an ce za a gyara hanya. A haka gemun Buba ya yi fari muna kallo.

Sai maganar kuruwa. Ga wanda bai sani ba, ita ce igiyar robar nan mai haƙora da ke cikin inji, wadda ke sa sama da ƙasansa su yi aiki tare a kan lokaci, 'yan Najeriya na ce mata tamin bel. Ba a jiran ta tsinke. In ta cika tafiyarta, ko ta cika shekarunta, duk wanda ya riga zuwa, cire ta ake yi ko da tana ƙyalli, don a mota mai ƙarfi irin wannan in ta tsinke ana gudu, ƙarafan ciki karo suke yi da juna inji ya cinye kansa. A bakin Kawu na koyi wannan, shi da kansa yake karanta wa direbobin tasha. Amma Kawu yana da wata aƙida: ba ya korar abin da bai yi masa laifi ba. Takalminsa ya sha faci har ba a gane asalinsa. Tsohon zakaranmu ya makance ya daina cara, ya hana a yanka. In ka ce a sauya abu, tambaya ɗaya zai yi maka: "Mi yay yi mini?"

Isa bakanike, wanda ya yi masa yaron mota a da, ya zo ya buɗe murfin injin, ya haska, ya daɗe yana kallo. Sannan ya durƙusa, don ba ya iya yi wa maigidansa magana a tsaye.

"Maigida, kuruwag ga ta tsufa. Duba, dut ta tsattsage."

Kawu ya cire takalmi ya ɗaga masa diddige. "Wanga hwa? Bai tsattsage ba?"

"Ya tsattsage, maigida."

"To da shi nika zuwa kasuwa kullum. Ruhe mini mota."

Ɗansa Sani da ke aiki a Yamai ya ji labari, ya nemo sabuwa dal ya aiko. Muka ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ina! Kawu ya rataye ta a ƙusa cikin zaure, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa, ya ce ta jira layinta. Tana nan rataye har Sallar Layya ta matso, igiyar rago ta ɓace, Kawu ya sauko da ita ya zarga wa ragon a wuya ya maƙala a turke. Kafin la'asar rago ya tauna ta ya tsinke, aka kamo shi a bakin kasuwa. Kawu ya ɗaga guntayen yana nuna mana, fuskarsa cike da nasara.

"Kun gani? Sabuwa ko rago ba ta riƙe ba. Tsohuwa tana nan lahiya lau!"

Ranar na fusata. Na ce, "Kawu, kai da bakinka kake faɗa wa mutane kada su jira ta tsinke."

Ya ce, "Wagga doka ta motocin da ka wahala ta. Tawa kwance take, mi za ya gajishe ta?"

Na ce, "Roba ko a kwance tsufa take yi, balle a zafin garin nan. Bokitin Inna da aka bari bayan ɗaki, wa ya taɓa shi ya fashe?"

Ya dube ni ya ce, "Uwata, tun zuwanki duniya na hwarko, da kika haihe ni, haka kike da hwaɗa." Ya shige ɗaki abinsa.

Wata kaka Buba ya zo ba ranar kasuwa ba, kuma ba da shanu ba. Wajen likita ya zo. Ya rame, tari ya ƙi barinsa, rigarsa ta yi masa yawa. Bai yi kira daga zaure ba, bai ambaci akurkin kaji ba. Ya zauna a tabarma ya huta, sannan ya kira Kawu da sunansa, abin da ban taɓa ji ba.

"Tankari, yau na?"

Kawu ya dube shi. Ya ce, "Yau na."

Maƙwabta suka taru aka tura mota har kwalta. Buba ya shiga gaba da malfarsa da sandarsa, ni na cusa kaina a baya. Da Kawu ya jawo masa ɗamarar kujera sai ya ce, "Ɗaure ni za ka yi awa maraƙi? Ba'are, ashe sata ta za ka yi!" Muka fita gari ta hanyar Doso a hankali, har gidaje suka ƙare, kwalta ta miƙe sak, ba kowa a kanta. Kawu ya gyara zama ya ce, "Bawana, riƙe malhwarka." Ya taka.

Wallahi ta amsa. Bayana ya manne da kujera, itatuwa suka fara gudu baya, Buba ya buɗe baki ya ɗauko salati. Bai kai ƙarshensa ba muka ji tas, sai wata ƙara kamar an zuba cokula a turmi ana daka. Inji ya mutu. Motar ta gangara shiru ta tsaya a gefen hanya, in ka waiga kana hango dutsen garinmu ƙuru-ƙuru.

Can Buba ya leƙa taga ya ce, "Mun iso Doso?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na zuba. Da aka samo amalanken shanu ya ja mu zuwa gida, ya ƙi fita daga kujerar, duk wanda muka wuce sai ya ɗaga masa hannu ya ce a shaida, yau ga motar Ba'are shanun Fulani na ja. Kawu kuwa yana riƙe da sitiyari har gida.

Isa ya buɗe injin ya kama kai. Abin da ya lalace babu shi a Dutsi, babu a Yamai, sai da aka aika Kwatano. Mutumin da bai taɓa gaggawa ba a rayuwarsa, sai ga shi kullum a garejin Isa yana tambaya ko kaya sun iso. Ya aika wa Buba cewa ya jira, gyara kaɗan ne. Buba ya aiko da amsa cewa yana jira, amma a nemo shanu masu sauri. A kwanakin nan ne na tarar da Kawu zaune a zaure shi kaɗai, ya ce mini, "Uwata, da kin ƙara yi mini hwaɗa."

Na ce, "Kawu, na yi har muryata ta dishe."

Ya ce, "Da kin ƙara."

Kayan ba su iso ba, saƙon rasuwar Buba ya iso.

Motar kasuwa muka hau, muka ƙarasa rugar a amalanke. Kun san al'ada, abokin wasa ko a zaman makoki ba ya barin wasa, shi ake jira ya faɗi wata tsiya da za ta sa masu kuka su murmusa. Da aka yi addu'a aka shafa, duk dattawan Fulani suka juyo suna kallon Kawu, don sun san bakinsa. Ya gyara murya.

"Shekara da shekaru ina ce ma bawan nan nawa babu abin da ya hi motata sauri," in ji shi. "Ashe shi ya hi ta. Na ce ya jira ni kaɗan..."

Nan muryar ta tsaya. Ba wanda ya yi dariya. Babban ɗan Buba ya matso ya riƙe masa hannu, Kawu ya ja rawaninsa ya rufe fuska, ni ma daga can wajen mata na kasa riƙe hawayena.

Kawu bai daɗe sosai a bayan Buba ba, damina biyu ya ƙara. Har yau in na tuna ina jin haushinsa, kuma ina kewarsa, ban san wanne ya fi yawa ba. Allah Ya jiƙan Kawu Tankari, Ya yafe masa taurin kansa, don zuciyarsa ba ta da tauri. Allah Ya jiƙan Buba da ya yi ta jira bai taɓa fushi ba. Ya haɗa su a gidan da ba a cewa a bari sai an yi girbi. Amin.