Gwajin Tasa a Dakoro

Mun tashi daga Maraɗi ana idar da sallar asuba, cikin wani kamyo na ma'aikatar dabbobi da aka loda wa akwatunan allurar shanu da buhunan gishiri. Ni aikin rediyo ne ya tashe ni. An aike ni in ɗauko maganar makiyayan Dakoro game da allurar bana, kuma da yake ba mu da mota, sai na roƙi wuri a wannan. A gaba, kusa da direba, akwai wata mata da ɗiyarta mai kimanin shekara bakwai. A baya, bisa buhunan, ni ne da mijinta, na'urar ɗaukar magana tana cinyata.

Mutumin Dahome ne, malamin dabbobi, an turo shi aiki Dakoro. Irinsu suna da yawa a ofisoshinmu tun kafin mulkin kai, don har yanzu namu da aka horar ba su isa ba. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cinikin nama ba, saboda haka da Faransanci muka yi hira. Kafin mu wuce Tibiri ya gaya mini abin da ke ransa. Ɗiyar tasa ba ta ji. Sanƙarau ya kama ta tana da shekara huɗu, ya bar mata rai ya tafi da kunnuwan. Tana gane maganar uwarta ta kallon baki, shi kuma ya koya mata baƙaƙe da lissafi har ɗari a gida. Bana ne shekararta ta shiga lakwal, wato makarantar boko.

Ya ce kafin su taso, tsohuwarsa ta ce a bar mata yarinyar can bakin teku, ta taya ta sayar da kifi. Wani kuma ya ba shi labarin makarantar kurame a wata ƙasa ta masu Ingilishi, tafiyar kwanaki, inda za a ajiye ta sai shekara ta zagayo. Matar ta ce ko gawarta ba za ta yarda ba. A Maraɗi sun gwada wuri biyu. Ɗaya aka ce aji ya cika, ɗaya kuma aka yi musu shayi aka yi musu addu'a aka rako su ƙofa. Saura Dakoro. In can ma an ƙi ta, ya ce, ba zai zaunar da ita a ɗaki ba, sai dai ya mayar da ita wajen tsohuwa, uwar kuwa ta riga ta ce ƙafarta ƙafar ɗiyarta. Wato shi kaɗai zai zauna.

Da muka bar babbar hanya muka yi arewa, jan tsakuwa ya ƙare, sai rairayi. Direba ya ce hanyar tana da kyau bana. Daga baya na gane nufinsa raƙumi ba ya kuka da ita. Sau biyu muka kafe a kwarin da goruba ta yi yawa, muka sauka muka haƙa ƙarƙashin taya muka shimfiɗa kaba muka tura. An gama girbin gero, dammuna jere a gonaki, ana ta yaɓen rumbuna. Duk ƙauyen da muka ratsa, yara na jin ƙarar mota sai su watse cikin kara. Direba ya ce ba tsoron mota ba ne, lokacin ɗaukar ƴan lakwal ne, kowace mota a wurinsu ta mai rubuta suna ce.

A Kornaka muka tsaya shan fura. Dala guda ta ƙosar da mu biyu, nonon kuwa na safe ne, bai yi tsami ba. Mai furar ta yi wa yarinyar magana, ta ga ba ta amsa ba, sai kawai ta ajiye ludayi ta koma hannu: ta nuna baki, ta nuna ƙwarya, ta ɗaga gira. Yarinyar ta gyaɗa kai. Uwar ta tsaya tana kallo. Na gaya mata a ƙasar Hausa da wuya ka sami kasuwar da babu mai iya maganar hannu, ko kaɗan ce. A nan ne kuma na kunna na'urata in ji ko batir yana da rai. Kiɗan gurmi ne a kan zaren ɗaukar maganar. Yarinyar ta matso ta ɗora tafin hannunta a jikin akwatin, can sai ta fara buga yatsa daidai da kiɗan. Uban ya ce haka take, abin da kunne ya hana ta, hannu da tafin ƙafa suna ɗan ba ta.

Da la'asar muka shiga Dakoro. Gari ne ƙarami mai faɗin fili, rijiyoyinsa masu zurfi, da shanu ake jan guga. Buzaye da Fulani sun fara gangarowa daga wajen Azagor da dabbobinsu. Nama da cuku kamar kyauta, amma matar malamin ta zagaya kasuwa tana tambayar manja da kifi, mata suna ta kiran juna su zo su ji. Da tuwon gero miyar kuka muka kwana.

Washegari da hantsi malamin ya ce in raka su lakwal, ko za a buƙaci Hausa. Ajujuwa biyu ne na siminti da rumfar zana guda. Mun tarar da taro, don ranar ce masu gari suke kawo yaran da aka ɗora wa kowane ƙauye. Direkta, wato shugaban lakwal ɗin, saurayi ne siriri mai jajayen idanu don gajiya, yana zaune a bakin tebur cikin aji, rajista a buɗe. Iyaye kuwa kowa ya zo da hujjarsa ta kada a ɗauki ɗansa. Wannan ɗansa yana da farfaɗiya, wancan nasa aljanu ne. Amma hujjar da ta fi yawa ita ce kurumta.

Direktan yana da dabararsa. Sai ya sa yaro ya tsaya yana fuskantarsa, ya ci gaba da hira da uban, mataimakinsa kuwa ya lallaɓo ta baya ya saki wata tasa ta ƙarfe a kan siminti. A gabanmu kurame uku suka yi tsalle. Na ukun ɗan wani dattijo ne makiyayi daga wajen Ɗan Gulbi.

"Mushe, wallahi jiya na yi ta kiransa bai ji ba," in ji dattijon, don haka suke kiran malamin lakwal.

"To baba, yau Allah ya ba shi lafiya. Mu gode masa. Mene ne sunansa?"

Da layi ya zo kanmu, malamin ya miƙa takardar haihuwa ya ce ɗiyarsa kurma ce, kuma ya zo ne a ɗauke ta. Direkta ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa jin waɗannan maganganu biyu a baki ɗaya ba. Mataimakin kuwa kalmar kurma kawai ya ji, hannunsa ya yi abin da ya saba. Tasa ta faɗi. Yarinyar ta waiwaya.

Ni na ga dalili. Rairayi ya dame ta a takalmi, ta cire su tun a ƙofa, tana tsaye ƙafa tsirara a kan simintin. Direkta bai lura ba. Ya yi murmushi ya tsoma alƙalami a tawada ya rubuta sunanta. Ya ce, "Tana ji, abokina. Wataƙila kunnen yana da nauyi, amma tana ji. Ta zo gobe da safe."

Muka fito ƙarƙashin wata aduwa. Sun daɗe suna magana da harshensu, muryar matar ƙasa-ƙasa amma da sauri. Daga baya mijin ya juyo ya fassara mini. Ita ta ce a yi shiru. Wata nawa suna neman kujera, yau an ba su, ba su yi ƙarya ba, direkta ne ya yi gwajinsa ya rubuta da hannunsa. Shi kuma abin da ya tsaya masa shi ne bulalar da ya gani rataye a jikin allo. Ya ce ranar da mushe zai kira ta daga baya ta ƙi waiwayowa, ba za a ce ba ta ji ba, za a ce taurin kai ne, tunda rajista ta ce tana ji. Ita kuma ba ta da bakin da za ta kare kanta. Ya tambaye ni ra'ayina. Na ce masa abin da na sani kawai: dokar lakwal ta ce yara masu lafiya, kuma in ya koma ciki, direkta yana iya soke sunan.

Sai ya sunkuya ya sa wa yarinyar takalmanta, ya kama hannunta ya koma. Matar ba ta bi shi ba.

Ya roƙi direkta a sake gwajin a waje, kan rairayi. Aka fito, iyayen ƙauye suka kewaye mu. Mataimakin ya riƙe tasar dab da ƙeyarta ya buga da dutse, har wani jariri ya fashe da kuka. Ita tana kallon wani ɗan akuya. Aka sake. Ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Dattijon nan na Ɗan Gulbi ya tambaye ni me ake ciki, na yi masa bayani. Ya dubi malamin sama da ƙasa ya ce, "Gaya wa baƙon nan, abin da muka kwana muna roƙon Allah shi aka ba shi, ya ɗauko ya kawo wa mushe? In ba ya so, ya ara mini." Da na fassara, malamin ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Direkta ya koma ya zauna ya daɗe yana kallon rajistar. Ya ce shi ba a koya masa yadda ake karantar da kurma ba, kuma ba zai ce ya iya ba. Ya miƙa wa yarinyar alli ya rubuta lissafi a allo. Ta yi shi. Ya rubuta wani, ta yi, ta ƙara da sunanta a ƙasa ba a tambaye ta ba. Sai ya nuna mana sababbin yaran da ke tsugune a gindin bango, ƴaƴan Hausawa da Fulani da Buzaye.

"Kun ga waɗannan? Babu mai jin kalma ɗaya ta Faransanci. Wata uku na farko da hannu nake koya musu, da zane, da nuni. Ita aƙalla ta san tana kallon bakina."

Ya ce sunan an rubuta shi da tawada, ba zai kankare ba. Za ta zauna a bencin gaba, wajen taga, inda haske ke faɗa wa fuskarsa. Abin da ya faɗa zai rubuta a allo. Ya kira mataimakin ya gaya masa a gabanmu cewa bulala ba ta hau kanta. Uban kuma zai riƙa zuwa kowace yamma ya kwafi darasin gobe, su bi shi a gida. Amma ya faɗi iyakar ikonsa: mai duba makarantu zai zo daga Maraɗi kafin hutun farko, in ya ce a fitar da ita, shi ba shi da ta cewa.

Matar ta ji duk wannan daga bakin ƙofa. Ta tambayi direkta inda ake sayar da yadin rigar lakwal.

Kwana biyu na ƙara ina aikina a bakin rijiyoyi. Makiyaya sun yi magana sosai, ko da yake rabinta ƙorafi ne kan gishiri ba kan allura ba. Ranar da zan taso na biya ta lakwal na leƙa ta taga. Tana bencin gaba, direkta yana ɗaga ƙwarya yana faɗin sunanta da Faransanci, aji duka suna maimaitawa ba su san me suke faɗa ba, ita kuma tana rubutawa. A kamyon wani ɗan kasuwa mai ɗauke da fatu na dawo, wari ya raka mu har Maraɗi, mun kafe sau ɗaya tak. Na iso gida ana kiran magariba.

Abin da na ɗauko daga wannan tafiya ba mai yawa ba ne. Baƙo mai neman makaranta a ƙasar da ba tasa ba yakan tambayi gini da doka da yawan ajujuwa, kuma ya kamata ya tambaya. Amma mai yaro irin wannan, abin da yake nema a ƙarshe mutum ɗaya ne da zai san gaskiyar yaron ya kuma yarda ya zauna da ita. Ba a samun wannan mutumin sai an faɗa masa gaskiyar, kuma faɗarta tana iya rufe ƙofar da ta riga ta buɗe. Ban san abin da mai duba makarantu zai yanke ba. Da muke sallama na tambayi malamin ko ranar zuwan mai dubawar zai ɓoye ta a gida har ya wuce, kamar yadda wani ya ba shi shawara. Ya ce a'a. Zai ɗauki hutun rabin yini, ya tsaya a bakin ajin, shi zai fara gaya masa.