Batirin da Bai Sha Iska Ba

Wautata ta ci ido guda, kuma abin haushin ba nawa ba ne. Na aminina ne, wani Bamaguje na wajen Tsiga da muka haɗa kwale-kwale tun muna da ƙarfi. Da an gama kaka an kai auduga, sai mu sauka dam kamun kifi. Malam yake ce mini don tsiya, ya san ko baƙi biyu ban iya haɗawa ba.

Kwale-kwalen ya tsufa yana yoyo, muka sa masa batirin mota mai jan ɗan famfon kwashe ruwa. Da jigilar batir zuwa wajen mai caji ta ishe ni, na shiga kasuwar Funtua na sayo 'yar caja mai mariƙi kamar rediyo, da wayoyi biyu masu baki, ja da baƙi.

Mai shagon ya ce, "Baba, ka kwance murafen batirin, ka ajiye shi a fili ya sha iska. Kuma ka kashe caja kafin ka taɓa bakin waya."

Na ce, "Batir ne zai sha iska? In haɗa masa da rake ya riƙa tafiya yana sha?"

Aka kwashe da dariya. Dariyar na ɗauko na taho da ita gida, maganar na baro ta a shago. Ni a sanina shan iska yawon marasa aikin yi ne. Ashe batir in yana caji numfashi yake fitarwa, numfashin kuma tartsatsi kawai yake jira.

Ranar da aka kawo wuta da hantsi, na kai shi ɗakin ajiya na jona, na rufa masa buhu saboda kaji, na ja ƙofa. Bayan azahar aminina ya zo. Muka shiga, ɗakin na wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai.

"Malam, me kake dafawa?" Ya yaye buhun, ya duƙa ya kara kunne. "Kai, tafasa yake!"

Na ce, "To ya nuna ke nan." Na fizge bakin jar wayar daga kan batirin, caja na kunne.

Ƙarar har maƙwabta. Saman batirin ya tashi, ruwansa ya watsu a fuskar bawan Allahn nan. Ni da na yi ɓarnar, rigata ce kawai ta huhhuje. Muka juye masa ruwan randa guda, aka sa shi a keke sai asibiti. Idon dama ya tsira, na hagu ya tafi.

Bai kai ƙara ba, bai zage ni ba. Da ya zage ni ma da na ji sanyi. Da ya warke muka koma ruwa, yanzu da ƙwarya muke kwashe yoyon. Ranar farko na samu kaina ta hagunsa, na ce ko in koma dama mu riƙa hira.

Ya ce, "Zauna nan. Ta nan ba na ganinka, kuma na fi jin daɗin kamun."